Neman Takardun Haƙƙin Ƙirƙira Da Kalmomi: Jagora Ga Masu Sana'a Da Ɗalibai

Akwai wata taska ta ilimi wadda ƙofarta take buɗe dare da rana, ba a biyan ko kwabo kafin a shiga, amma kaɗan ne daga cikin masu sana'a suka san da ita. Taskar nan ita ce ta takardun haƙƙin ƙirƙira, waɗanda ake kira patent da Turanci, brevet da Faransanci. An shirya wannan ɗan littafi domin maƙera da masu walda da malaman makarantun sana'a da ɗalibansu, da duk wanda ya taɓa ƙago wani abu da hannunsa, ya zauna yana tunanin ko wani ya riga shi.

Dalilin shirya shi kuwa shi ne irin hasarar da akan yi. Mutum yakan share shekara biyu ko uku yana fama da wani inji, ya sayar da dabbobinsa ya sayi ƙarfe, ya ci bashi ya biya lauya, daga bisani a nuna masa zanen injin nan nasa cikin takardar da wani ya rubuta a Indiya ko Amurka tun ba a haife shi ba. Da ya yi binciken yini biyu tun da fari, da ya huta da wannan wahala, ko kuwa da ya ɗora aikinsa daga inda wancan ya tsaya.

Abin Da Takardar Take Nufi

Takardar haƙƙin ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin hukuma da mai ƙirƙira. Shi zai bayyana wa jama'a asirin abin da ya ƙago filla-filla, yadda duk gwanin wannan sana'a zai iya karantawa ya yi irinsa. Ita kuwa hukuma za ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi cikin ƙasarta ba da izninsa ba, har iyakacin wani wa'adi. A yawancin ƙasashe yanzu wa'adin shekara 20 ne, ana lissafi daga ranar da aka shigar da takardar nema. In wa'adi ya cika, abin ya zama na kowa da kowa.

Al'adar ta daɗe. Birnin Banis na ƙasar Italiya ya kafa doka a kanta cikin 1474, ya ba masu ƙirƙira shekara 10. Ingila ta yi tata cikin 1624, ta ba da shekara 14. A Amurka an ba da takarda ta farko cikin 1790 ga wani mai suna Samuel Hopkins, saboda hanyar da ya gano ta fid da gishirin toka wanda ake sabulu da shi, kuma Shugaba George Washington ne ya sa mata hannu. Cikin 1836 gobara ta cinye ofishin Amurka tare da takardu wajen 10,000, ba a samu maido da ko sulusinsu ba. A zamanin dā wanda yake son bincike sai ya yi tattaki zuwa ɗakin karatu a Landan ko Washington, ya yi ta buɗe kundi bayan kundi.

Yau ba haka ba ne. Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai, wanda hedkwatarsa take Munich ta ƙasar Jamus, ya buɗe rumbunsa mai suna Espacenet a intanet cikin 1998. Hukumar duniya mai kula da haƙƙin fasaha, watau WIPO, wadda take zaune a Geneva, tana da nata mai suna Patentscope. Kamfanin Google kuma ya buɗe Google Patents cikin 2006. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana ɗauke da takardu fiye da miliyan 100, kuma duka kyauta ne. Ana iya shiga da wayar hannu, amma kwamfuta ta fi, gama zane-zanen injuna ba sa fitowa sosai a ƙaramin gilashi.

Abin Da Ya Sa Binciken Ya Zama Tilas

Sharaɗi na fari na samun wannan haƙƙi shi ne abin ya zama sabo. Dokar Nijeriya ta 1970 ta ce abu ba sabo ba ne muddin an taɓa bayyana shi ga jama'a a ko'ina cikin duniya, a kowane zamani, ko a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar aiki da shi. To, a nan akwai wani abu da ya kamata a lura da shi ƙwarai. Ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari, yana duba ko takardun mai nema sun cika ne bisa ƙa'ida, amma doka ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba. Akan ba da takardar a kan wuyan mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Saboda haka mutum yana iya riƙe da takarda mai hatimi shekara da shekaru, yana biyan kuɗinta kowace shekara, ranar da ya kai ƙarar wanda ya kwaikwayi injinsa sai lauyan wancan ya kawo tsohuwar takarda daga wata ƙasa, kotu ta soke tasa. Binciken da ofis bai yi ba, lalle mai nema ne zai yi wa kansa.

Dalili na biyu shi ne gudun shiga gonar wani. Na uku kuwa, wanda ya fi amfani ga yawancin masu sana'a, shi ne koyo. Mafi yawan takardun da ke cikin rumbunan nan sun riga sun mutu, ko don wa'adinsu ya cika, ko don masu su sun daina biyan kuɗin sabuntawa. Zanensu da bayaninsu suna nan, kowa yana da iko ya ɗauka ya yi aiki da su.

Siffar Takardar

Kafin mutum ya nemi abu, ya kyautu ya san kamanninsa. Kowace takarda tana da shafin gaba, sa'an nan bayani, sa'an nan da'awa, da zane in akwai. A shafin gaba ƙasashe sun yarda da wasu lambobi cikin baka, domin wanda bai iya harshen takardar ba ya gane inda kome yake. Lamba 54 ita ce sunan abin da aka ƙago, 57 taƙaitaccen bayani, 71 wanda ya nema, 72 wanda ya ƙago, 22 ranar shigarwa, 51 kuwa lambar ajin da aka sa takardar. Ko da takarda ta Sinanci ce ko ta Japananci, lambobin nan ba sa sākewa.

Haruffa biyu da ke gaban lambar takarda suna nuna inda ta fito: US Amurka, CN Sin, JP Japan, GB Ingila, EP ofishin Turai, WO kuwa nema na duniya ta hannun WIPO. Harafin da ke bayan lambar ma yana da magana. Galibi A yana nufin nema ne kawai aka buga, B kuwa an ba da haƙƙin. Mutane da yawa sukan ga takarda mai A su karaya, alhali mai yiwuwa ne an ƙi ta, ko mai ita ya janye.

Da'awa ita ce zuciyar takarda. Nan ne mai ƙirƙira yake jera abin da ya ce nasa ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake kafa duwatsun iyaka a gona. Bayani yana iya yin shafi 30 yana yabon inji, amma abin da bai shiga da'awa ba doka ba ta tsare shi ba.

Misalin Injin Ɓare Gyaɗa

A ɗauki misalin wani mai walda a Kano wanda ya haɗa injin ɓare gyaɗa. Kowa ya san matsalar irin wannan inji: in ya matse ƙwarai sai ya farfasa tsabar, darajarta ta faɗi, in kuma ya yi sako-sako sai ƙananan gyaɗa su wuce da ɓawonsu. Shi wannan mutum ya yi dabarar sa ganga mai lulluɓin roba, da rariya wadda ake iya matsowa ko nisantarwa gwargwadon girman gyaɗar. Yana so ya san ko wani ya riga shi.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya rubuta jimla guda cikin akwatin nema, ya ga ba a sami kome mai kama da nasa ba, ya tashi yana murna. Na'ura ba ta san inji ba, ba ta san gyaɗa ba. Haruffa kawai take gwadawa da haruffa. In mai takarda ya kira abin da wani suna dabam, ba za ta kawo shi ba, ko da kuwa injin iri ɗaya ne har ƙusa.

Saboda haka aikin yana somawa da alƙalami da takarda, tun ba a kunna kwamfuta ba. Mai nema zai raba dabararsa gida-gida. A nan gida uku ne: abin da ake aiki a kansa, watau gyaɗa, aikin da ake yi mata, watau ɓarewa, da sabuwar dabarar, watau roba da rariya mai motsi. Sa'an nan ya nemo wa kowane gida dukan sunayen da zai iya samu. Babu ofishin da yake buga takardunsa da Hausa, don haka da Turanci za a yi, da Faransanci ga wanda ya iya.

Gyaɗa kanta ta isa darasi. A makarantun Nijeriya da Gana an koyar da ita da sunan groundnut, bisa al'adar Ingila. Amurkawa kuwa peanut suke cewa, kuma takardun Sin da na'ura ta fassara zuwa Turanci kusan duka peanut suke amfani da shi. Wanda ya tsaya a kan groundnut kaɗai ya rufe wa kansa mafi yawan taskar. Masana kimiyya suna kiranta Arachis hypogaea, Faransawa kuma arachide ko cacahuète. Ɓarewa ma haka take: akwai shelling, akwai hulling, akwai husking, akwai decorticating.

Haɗa Kalmomi

Ana haɗa kalmomin nema da wasu ƙananan kalmomi uku na Turanci, bisa lissafin hankali da wani malami Bature mai suna George Boole ya tsara cikin littafinsa na 1854. Kalmar OR tana faɗaɗa nema, gama tana kawo duk takardar da take da ko da ɗaya daga cikin kalmomin. Kalmar AND tana ƙuntata shi, gama sai takardar da ta haɗa duka biyu za ta fito. Kalmar NOT tana fid da abin da ba a so. Ƙa'idar ita ce, sunayen da ke gida ɗaya a haɗa su da OR, gida da gida kuwa a haɗa su da AND, a kuma kewaye kowane gida da baka biyu don kada na'ura ta cakuɗa su.

Akwai kuma alamar tauraro, wadda ake sa wa a wutsiyar kalma domin ta tsaya a madadin kowaɗanne haruffa da za su biyo baya. Wanda ya rubuta decorticat* ya kama decorticate da decorticator da decorticating gaba ɗaya. To, jerin mai waldan nan zai kasance kamar haka:

Gida na fari: peanut* OR groundnut* OR arachis

Gida na biyu: shell* OR hull* OR husk* OR decorticat*

Gida na uku: rubber OR elastic OR adjustable

Ya fara da gida biyu na farko tukuna, ya ga abin da zai fito. In ya zuba duka uku tun farko, zai iya rasa takardar da ta yi dabararsa amma ta kira robar da wani suna.

Abin da zai fito kuwa zai ba shi mamaki, domin tsakuwa za ta fi tsaba yawa. Tauraron da ya sa a bayan shell zai jawo masa shellfish, watau su jatan lande da ƙaguwa, tun da yake takardun magani masu magana a kan abincin da jikin wasu mutane ba ya karɓa sukan ambaci gyaɗa da waɗannan tare. Zai ga takardu barkatai na masu yin gawayi da taki da abincin dabbobi daga ɓawon gyaɗa. Zai ga na masu lulluɓe gyaɗa da sukari. Har ma zai iya cin karo da wasu ƙulle-ƙullen soso da ake cusawa cikin kwali don kada kaya su fashe, gama Amurkawa su ma peanuts suke kiransu.

A nan ne zuciya takan raya wa mutum ya kawo NOT ya share su. Sai a yi hattara da ita. NOT ba ta da tausayi: in aka ce ta fid da duk takardar da ta ambaci taki, za ta fid har da takardar injin ɓare gyaɗa mai kyau wadda ta ce a layi guda ana iya yin taki da ɓawon da injin ya zubar. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a rage filin nema. Maimakon a nemi kalma cikin dukan takarda, a ce a neme ta cikin suna da taƙaitaccen bayani kawai. A Espacenet ana yin haka da sa ta= gaban kalma, ko ti= in suna kaɗai ake nufi; pa= na sunan wanda ya nema ne, in= na wanda ya ƙago. Wanda bai son haddace waɗannan zai same su jere cikin shafin nema mai zurfi, sai dai ya zaɓa. Ana kuma iya sa kalmomi biyu cikin alamun zance, kamar "peanut sheller", domin su fito manne da juna.

Amma fa rage fili yana da tasa illa. Sunayen takardu sau da yawa ba sa faɗin kome, kuma tsofaffin takardu da dama ba su da taƙaitaccen bayani sam. Ga kuma halin lauyoyin da ke rubuta su. Lauya ba ya son kiran abu da sunansa na kasuwa, don kada ya ƙuntata haƙƙin wanda ya ɗauke shi aiki. Alƙalami sai ya zama kayan rubutu, ƙusa ta zama abin haɗawa, gyaɗa kuwa ta zama 'ya'yan tsiro masu ɓawo. Ba ƙeta ba ce, sana'arsu ce ta gāji haka, amma tana sa neman kalma kaɗai ya gaza.

Lambar Aji

Maganin wannan shi ne lambar aji. Bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Strasbourg ta ƙasar Faransa cikin 1971, an raba dukan fasaha kashi takwas, daga A zuwa H. Kashin A na bukatun ɗan Adam ne, kamar noma da abinci da tufafi da magani. B na ayyukan sarrafawa da sufuri. C na haɗa sinadarai da ƙarafa. D na saƙa da takarda. E na gine-gine. F na injuna da haske da zafi. G na awo da lissafi da makamantansu. H na lantarki. Kowane kashi an sake rarraba shi har rassan suka haura 70,000. Cikin 2013 ofishin Turai da na Amurka suka fito da wani tsari na haɗin gwiwa wanda ya bi wannan, amma rassansa sun haura 250,000. Ma'aikatan ofis ne suke sa wa takarda lambarta bisa abin da injin yake yi, ko da wane suna lauya ya kira shi, ko da wane harshe aka rubuta.

Ba sai mai nema ya haddace rassan ba. Dabarar ita ce, daga cikin abin da kalmominsa suka kawo ya tsinci takarda biyar ko goma waɗanda suka fi kusa da injinsa, ya duba lamba 51 a kowace, ya ga wadda take ta maimaituwa. Mai waldan nan zai tarar da A23N 5/00, ajin injunan ɓare 'ya'yan itace masu ɓawo, da reshensa A23N 5/01, wanda yake na gyaɗa kaɗai. Zai kuma iya ganin A01D 29/00, amma wannan na injunan cire gyaɗa daga gona ne, ba nasa ba. Da ya sami lambarsa sai ya neme ta ita kanta, sa'an nan ya haɗa ta da gida na uku na kalmominsa. Nan da nan masu gawayi da masu jatan lande za su ɓace.

Zai lura cewa takardun Sin sun cika wurin. Ba abin mamaki ba ne, gama cikin 2023 an shigar da nema fiye da miliyan 3 da rabi a duniya, kusan rabinsu a ofishin Sin. Da yawa daga cikin na ƙananan injuna suna da harafin U a ƙarshen lambarsu, watau ƙaramin haƙƙi ne mai wa'adin shekara 10. Rumbunan uku duka suna da na'urar fassara. Fassararta takan yi tuntuɓe, amma in aka haɗa ta da zane akan gane inda aka dosa. Gwanayen bincike ma zane suke fara dubawa, gama maƙeri zai gane inji daga zanensa cikin ƙiftawar ido.

Akwai hanya ɗaya kuma da ba ta bukatar kalma ko kaɗan. Kowace takarda tana ambaton waɗanda suka gabace ta, rumbun kuma yana nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Wanda ya kama takarda ɗaya mai kyau ya kama bakin zare, sai ya bi shi gaba da baya. A rahoton bincike da ke maƙale da takardun EP da WO, harafin X yana nuna tsohuwar takarda wadda ita kaɗai ta isa ta rushe da'awa, Y wadda sai an haɗa ta da wata, A kuwa wadda ta shafi fannin kawai.

Itatuwa Da Magunguna

Masu neman abin da ya shafi tsirrai sai sun ƙara ƙoƙari wajen suna. Cibiyar binciken magunguna ta Nijeriya da ke Abuja ta sami takarda a Amurka cikin 1998, mai lamba 5,800,819, a kan maganin ciwon sikila wanda aka sani da Niprisan. Wanda ya duba sunan takardar ba zai ga masoro ko kanumfari ko karan dafi ba, sai sunayensu na Latin irin su Piper guineense da Sorghum bicolor. Haka zogale sai a neme shi da Moringa oleifera, kuka da Adansonia digitata, zoɓo da Hibiscus sabdariffa. Kaɗanya ta fi rikici, domin masana sun sāke mata suna: yanzu Vitellaria paradoxa ce, amma takardun man shafawa da yawa suna nan a kan tsohon sunanta Butyrospermum parkii, ban da shea na Turanci da karité na Faransanci. Dole a sa duka huɗun.

Labarin dogon yaro, watau Azadirachta indica, ya nuna iyakar rumbunan nan. Cikin 1994 ofishin Turai ya ba kamfanin W. R. Grace tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka haƙƙi a kan hanyar kare shuka daga cutar funfuna da man dogon yaro. Wasu ƙungiyoyi suka yi ƙara, suka kawo shaidar cewa an riga an yi aiki da irin wannan a Indiya. Aka soke takardar cikin 2000, aka tabbatar da sokewar cikin 2005. Shaidar da ta rushe ta ba daga rumbun takardun haƙƙi ta fito ba. Don haka wanda ya gama da rumbu bai gama bincike ba, sai ya duba littattafai da mujallun jami'a da abin da ake sayarwa a kasuwa.

Abin Da Rumbu Ba Zai Nuna Ba

Galibi ba a buga takardar nema sai bayan wata 18 daga ranar da aka fara shigar da ita. Da yawa daga cikin abin da aka shigar cikin shekara ɗaya da rabi da ta wuce a ɓoye yake, kome gwanintar mai bincike. Saboda haka ya kamata a maimaita nema bayan 'yan watanni.

Haƙƙi kuma na ƙasa ne. Takardar da aka bayar a Sin ko Amurka ba ta hana mai walda a Kano ƙera injin ya sayar cikin Nijeriya, sai in mai ita ya yi rajista a Nijeriya ma. Amma tana hana shi cewa shi ya ƙago, tana kuma hana shi kai injin ƙasar da take aiki. Ƙasashen Afirka sun kasu a wannan fanni. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI ta ƙasashe 17, wadda hedkwatarta take Yaounde, bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977, kuma takarda guda daga can tana aiki cikin dukansu. Haruffanta OA ne. Gana da Sudan suna cikin ARIPO mai hedkwata a Harare, haruffanta AP. Nijeriya ba ta cikin ko ɗaya, ofishinta dabam yake. Wanda yake son sanin ko an yi rajistar wani abu a Nijeriya kada ya dogara ga manyan rumbunan duniya, sai ya nemi a bincika masa a ofishin Abuja. Wanda kuma yake nufin kai injinsa Maraɗi ko Damagaram sai ya duba takardun OA. Rumbu yakan jera takardun ƙirƙira guda da aka shigar a ƙasashe dabam-dabam wuri ɗaya, ana kiransu dangi, kuma daga nan ake ganin ƙasashen da mai abin ya nemi tsaro.

Littafin Bincike

Lalle ne mai nema ya tanadi littafi guda. Kowane zama ya rubuta kwanan wata, da rumbun da ya shiga, da kalmomin da ya sa harafi da harafi, da yawan takardun da suka fito, da lambobin waɗanda suka yi kusa da nasa. Duk sabon suna da ya tsinta cikin karatu ya ƙara shi a gidansa, ya sake nema. Alamar cewa bincike ya kusa nuna ita ce ya ga takardu iri ɗaya suna ta dawowa ta kowace hanya ya biyo. A gefen kowace takarda mai kama da tasa ya rubuta inda suka haɗu da inda suka rabu. Mai yiwuwa ne mai waldan nan ya tarar an daɗe da yin ganga mai roba, amma yadda yake matso da rariyarsa bai ga irinsa ba. To, a kan wannan ɗan bambanci ne lauya zai gina da'awa, kuma littafin zai rage masa aiki.

Mai bukatar taimako yana iya tuntuɓar hukumar NOTAP, wadda aka kafa cikin 1979, tana kuma da ofisoshin haƙƙin fasaha cikin jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama. Bisa yarjejeniyar Paris ta 1883, wanda ya shigar da nema a ƙasa ɗaya yana da wata 12 ya shigar a sauran ƙasashen yarjejeniyar ba tare da ya rasa ranarsa ta farko ba. Kafin ranar nan ta farko kuwa, kada ya sayar da injin, kada ya ɗauki hotonsa ya watsa a Facebook ko WhatsApp, gama a idon doka hoton da shi kansa ya watsa yana iya zama shaidar cewa abin ba sabo ba ne.